Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Mafarki Ya Shigo Zanena

A makon jiya na tsaya a inda na shiga aji uku a sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello, bayan shekarun da na yi a Sabon Gari ina rubuta allunan shaguna, ina zana zaki da dawisu a bayan manyan motoci. Hannuna ya riga ya faɗa. In ka ajiye mini tulu, tulu zan fitar maka, har da tsagar da ke bakinsa. Abin da ban taɓa tambayar kaina ba shi ne ko akwai abin zanawa wanda ba a ajiye shi a gaban mutum ba.

Wani malaminmu, dattijo mai yawan shiru, shi ya jefo tambayar. Ya shigo aji da wani tsohon littafi mai hotuna, ya buɗe mana zanen Salvador Dalí na 1931, wanda agoguna suka yi laushi a cikinsa, ɗaya a rataye a reshen busasshiyar bishiya, tururuwa sun rufe wani. Ajin ya kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Malam, wannan mutumin lafiyarsa ƙalau kuwa?" Malam ya bari muka gama, sannan ya ba mu tarihin abin. A 1924 wani marubucin Faransa, André Breton, ya fitar da takardar da ta kafa tafiyar da ake kira suriyalizim. Shi da abokansa sun ga Yaƙin Duniya na Ɗaya da idonsu, sun ga inda lissafi da wayon manya suka kai Turai, sai suka ce bari a saurari ɓangaren zuciyar da hankali ke dannewa. Sun jingina da Sigmund Freud, likitan Biyana da ya ce mafarki ƙofa ce zuwa ga abin da mutum ya binne a ransa.

Ni dabarunsu ne suka kama ni, ba falsafar ba. André Masson yakan saki alƙalami ya yi ta yawo a takarda ba tare da niyya ba, sai daga baya ya duba abin da ya fito. Max Ernst ya ɗora takarda a kan tsohon daɓen katako a 1925, ya goga fensir, ya tsinci dazuzzuka da tsuntsaye a cikin jijiyoyin icen. Shi kuwa Dalí yakan yi gyangyaɗi a kujera da makulli a hannu, faranti a ƙasa, barci na ɗaukarsa makullin ya faɗi, ƙarar ta tashe shi da hoton da ya fara gani. Wannan na gwada shi a ɗakin kwananmu da cokali da kwanon silba, abokin ɗakina ya ce in ban daina ba zai kai ƙarata.

Zangon karatun nan kowa a ajinmu ya zama ɗan Dalí. Agogo ya narke, tangaran ya narke, har akwai wanda ya narkar da keke Napep. Ni ma na yi nawa. Yau in na duba masu zanen zamani a Instagram, rabin abin da suke kira mafarki wannan ne: sarari shuɗi, hamada, ido yana shawagi, ƙofa a tsakiyar teku. Kyau kam akwai kyau, amma ban san mai barcin da ya taɓa ganin haka ba. Mafarkin gaske ba ya zuwa da ado. Kana tsakar gidanku ne, komai daidai, sai dai rijiyar ta koma cikin ɗaki kuma babu wanda abin ya dama. René Magritte na Beljiyam ya fi Dalí gane wannan, a ganina, shi ya sa mutanensa masu baƙar hula suke tsaye tsaf kamar ma'aikatan banki alhali duniya ta kife a bayansu.

Da hutu ya zo na koma gida cikin birni, da zanena a naɗe a ƙarƙashin gado, domin Baba malamin zaure ne, kuma tun ina zanen motoci muke 'yar tsama da shi kan surar abu mai rai. A gidanmu ba a wasa da mafarki. Inna ta tarbiyyantar da mu cewa mummunan mafarki ba a faɗa wa kowa, ka yi tofi ta hagu sau uku, ka nemi tsari, ka juya kwanciya. Mai kyau kuma sai wanda yake ƙaunarka. Mutane na zuwa wurin Baba da sassafe da mafarkinsu, ya buɗe littafin fassarar da ake jingina wa Ibn Sirin, wani lokaci ya rufe bai ce komai ba sai "Allah Ya sa alheri ne." To ni da nake shirin rataye nawa a bango kowa ya kalla, ina matsayina?

Wata rana bayan la'asar, almajirai sun watse, na durƙusa na tambaye shi.

"Baba, in mutum ya zana abin da ya gani a barci, ya tona abin da aka ce a rufe ke nan?"

Ya ɗan jima yana kallona. "Wane irin mafarki? Ai uku ne. Akwai bushara daga Allah, akwai tsoratarwa daga Shaiɗan, akwai kuma zancen da mutum yake yi da zuciyarsa. Na farko amana ne, na biyu shara ne. Na ukun naka ne, kai ka tara shi da rana."

"To na ukun nake nufi, Baba."

"Ka dai kiyayi sura," in ji shi, ya jawo buzunsa. Bai ce na yi ba, bai ce kar na yi ba, kuma wanda ya san Baba ya san wannan ba ƙaramin rangwame ba ne.

Da muka koma makaranta na ba malamin nan labari. Bai yi sharhi ba, ya dai rubuta mini suna a 'yar takarda: Ibrahim El-Salahi. A lokacin sunansa na tashe, don a 2013 gidan adana zane na Tate Modern da ke Landan ya yi baje kolin aikinsa na tsawon rayuwa. Na kwana ina bincike a waya. An haife shi a Omdurman ta Sudan a 1930, mahaifinsa malamin addini ne, ya tashi cikin allo da tawada kamar ni. Ya je Landan ya yi karatu a makarantar Slade, ya dawo Khartoum da zane irin na Turawa, mutanensa suka kalla suka wuce. Sai ya koma kan harafin Larabci, ya yi ta jan sa yana lanƙwasa shi har fuskoki da ƙasusuwa da jinjirin wata suka fara leƙowa daga ciki. Babban zanensa na farkon shekarun 1960 ma sunansa na nufin sautukan mafarkin ƙuruciya da suka sake haihuwa. A 1975 gwamnatin Numairi ta tsare shi a kurkukun Kobar fiye da wata shida ba shari'a, a can yake zane a kan guntayen takardar buhun siminti yana binnewa a ƙasa kada masu gadi su gani. Daga nan ya samo salonsa na fara aiki da ɗan ƙwaya guda a tsakiya, ya bar shi ya yi ta tsiro, yana ƙara takarda a gefe, shi kansa bai san inda zai tsaya ba.

Ashe abin bai tsaya a Faris ba. A Alƙahira an kafa ƙungiyar masu wannan ra'ayi tun 1938. A Legas an yi mai zane Abayomi Barber, mai ɓoye fuskoki cikin ganyaye da gajimare, wanda ya yaye ɗalibai da dama kafin rasuwarsa a 2021. Leonora Carrington, mai zane kuma marubuciya, ta bar Ingila ta ƙare rayuwarta a Meziko, kuma babban baje kolin zane na birnin Benis da ke Italiya na 2022 daga wani littafinta ya samo sunansa.

Na ajiye fentin mai, na koma tawadar da Baba ke dafawa da gawayi da ƙaro, da alƙalamin gamba. Dabarar Ernst kuma na kai ta unguwarmu: nakan manna takarda a jikin tsofaffin katangun ƙasa masu zanen magina, in goga gawayi, in dawo ɗaki in zauna da ita bayan sallar asuba, lokacin da barci bai gama sakina ba. A cikin irin wannan gogen ne rijiyar gidanmu ta fito, wadda aka cike tun ina yaro bayan abin da ya sami ƙanwata. Ban yi niyyar zana ta ba, kuma a gidanmu ba a ambatonta.

Inna ce ta fara ganin takardar, ranar da ta shiga share ɗakina. Abin da ta faɗa mini, da labarin rijiyar kanta, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.