Ƙarar da a-kori-kurata ke yi da asuba, da yadda muka gano ta

Ranar farko da na ji ƙarar nan wata Litinin ce a ƙarshen Nuwamba, na idar da sallar asuba na fito zan wuce wajen aiki, gilashin mota duk ya yi fari da ƙanƙara kamar an barbaɗa masa gari. A Columbus nake da zama, jihar Ohio ta Amurka, kuma wanda ya san garin ya san daga Nuwamba zuwa Maris sanyi ba ya wasa. Na shiga na taka birki na danna maɓalli, fitilar READY mai nuna motar ta kunnu ta kawo kore, shiru na ɗan lokaci kamar kullum, sai injin ya tashi da wani kar-kar-kar kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa, yana lafawa kuma sai wani zirrr ya biyo baya irin na kwanon rufi idan iskar hunturu ta samu gefen da ƙusa ta fita. Wallahi gabana ya faɗi. Wata huɗu kacal da sayen motar a hannun wani, kuɗin da na daɗe ina tarawa ne, kuma da ita nake ɗaukar tsani da bokitan fenti da duk kayan aikina, in ta kwanta to ni ma na kwanta.

Motar a-kori-kura ce ƙarama mai silinda huɗu, haibirid, wato mai haɗa injin fetur da motar lantarki (na'urar da wuta ke juyawa nake nufi, ba mota mai taya ba) da babban batir. Irinsu ba su daɗe da yawaita ba ko a nan, Ford ta fito da F-150 PowerBoost a 2021, Maverick a 2022, Toyota ta kawo Tundra i-Force Max a 2022 sannan Tacoma a 2024, shi ya sa har yanzu ba kowane bakanike ne kunnensa ya saba da kukansu ba.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowa zai yi, na tashi aiki na wuce wani gareji, tafiyar minti ashirin, kafin in isa injin ya yi zafi sarai. Suka tada ta sau uku, tsit. Suka jona kwamfuta, babu lambar matsala ko ɗaya. Yaron ya ce mini haka haibirid suke, in tafi kawai. Na kira yayana a Kano da daddare na kwatanta masa ƙarar da baki, ya ce "kai ka rabu da ita tun kafin injin ya buga, irin wannan ƙarar ba ta alheri ba ce." Ranar ban yi barcin kirki ba.

Juma'a bayan an sauko masallaci na tari wani dattijo bakanike, mutumin zangon Kumasi ne, ya fi shekara ashirin yana gyaran mota a ƙasar nan, duk muna ce masa Baba. Na faɗa masa komai. Ya ce "ɗana, ƙarar sanyi sau ɗaya take zuwa a rana, in ka tuƙo motar ka kawo mini ka riga ka kore ta a hanya." Sai ya yi mini tambaya uku, ƙarar daƙiƙa nawa take yi, tana bin gudun injin ko tana nan yadda take, kuma daga ina take fitowa, sama ko ƙasa, gaba ko baya. Ko ɗaya ban iya amsawa ba, ni dai na san na ji ƙara na tsorata. Ya ce in je in yi mako guda ina saurare kafin a taɓa ko noti ɗaya.

Bari in ɗan tsaya a nan don sai mutum ya gane yadda irin motar nan ke tashi kafin ya gane kukanta. Irin tawa, da su Prius da Camry haibirid, ba su da kik ɗin nan da muka sani mai yin ciki-ciki-ciki. Motar lantarki ce da ke cikin giyabos take juya injin kai tsaye, kuma da ƙarfi take fizgarsa, cikin ƙiftawar ido ya kai wajen juyi 1,000 a minti, alhali kik na mota ta yau da kullum a hankali yake jansa, wajen juyi 200 zuwa 300. To kun ga idan baƙin mai bai riga ya hau sama ba, ƙarfe ya fara gudu a bushe na ɗan lokaci. Bayan haka kwamfutar motar da gangan take ɗaga gudun injin tana jinkirta wutar filogi a mintin farko, don ta ɗumama katalis ɗin cikin salansa mai tace hayaƙi, wanda makanikan gida ke ce wa indomi, shi ya sa da sanyi injin ke yin wata murya mai kauri kamar ba nasa ba. Kuma zafin hita daga ruwan injin yake zuwa, in ka kunna hita da safe dole injin ya tashi ko batir a cike yake. Akwai kuma ƙananan ƙararraki da ba ciwo ba ne sam, famfon birki da ke yin wuiii da ka buɗe ƙofar direba, ƙas-ƙas na manyan makunnan batir lokacin da ka danna maɓalli, da wannan kukan da motar ke yi ta lasifika idan tana tafiya a hankali da lantarki, wanda doka ce a Amurka saboda masu tafiya a ƙasa musamman makafi, ƙasa da kilomita 30 a awa. Manyan irin su F-150 da Tundra tsarinsu daban ne, motar lantarkinsu tana tsakanin injin da giya mai hawa 10, amma maganar sanyi da baƙin mai duk ɗaya ce.

Na sayi ɗan littafi na ajiye a mota. Kullum da asuba kafin in tada ta sai in buɗe bonet, in jingina waya a gefe tana ɗaukar bidiyo, in rubuta awon sanyi da awa nawa motar ta kwana, sannan maman yara ta zauna ciki ta danna maɓalli da hita a kunne ni kuma ina tsaye ina saurare. A waje muke yi ba cikin gareji ba, hayaƙin salansa a rufaffen wuri yana kisa ba tare da wari ba. Kuma don Allah duk wanda zai yi haka ya sani, muddin READY tana kunne injin zai iya tashi da kansa ko yana shiru, kada ka sa hannu ciki, wayoyin nan masu ruwan lemo kuwa wuta ce mai ƙarfin gaske, ko kusa kada ka je.

A kwana na huɗu ina sake kallon bidiyon da abin ji a kunne na gane abin da ya ɓace mini tun farko, ashe ƙara biyu ce ba ɗaya ba. Ta farko kar-kar-kar ɗin nan daƙiƙa 2 zuwa 3 take yi ta yanke ɗif, kuma sai motar ta kwana take zuwa, ranar da awo ya nuna 9 ƙasa da sifili a ma'aunin salshiyos ta fi tsawo, ranar da aka ɗan samu sauƙin sanyi da ƙyar na ji ta. Ta biyu zirrr ɗin tana kai minti ɗaya da rabi, daga ƙasan mota take, kuma da gudun injin ya sauka sai ta ɓace. Tsoro ne ya haɗa mini su wuri guda a kunne.

Na kai wa Baba littafin da bidiyon, ya ce yawwa yanzu ka zo da magana. Na bar masa motar ta kwana a filin garejinsa, na dawo ƙarfe bakwai na safe a motar haya. Ya ɗauko wata doguwar sukudireba, ya ɗora bakinta a kan murfin injin ta wajen sarƙar taimin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya ce in danna. Kar-kar-kar, shiru. Ya ɗago ya ce daga giyar kan kamshaf ne, wato sandar ƙarfen da ke buɗe bawul-bawul na injin. Ya bayyana mini cewa injinan yanzu suna da wata giya da matsin baƙin mai ke juyawa don ta canza lokacin buɗe bawul, idan an kashe injin wani ɗan ƙarfe yana kulle ta, in kuwa man cikinta ya zurare da daddare kuma sabon mai ya yi jinkirin isowa, sai ta yi ta kaɗawa har matsi ya kawo. Wani lokaci giyar ce ta ci, sai an canza, aikin kuɗi ne. Wani lokaci kuma man ne kawai.

Sai ya leƙa kusurwar gilashin gaba, inda masu juyen mai ke manna 'yar takarda, wadda ni kullum ina ganinta amma lambar mil kawai nake dubawa. An rubuta 10W-30. Ya nuna mini murfin zuba mai, an rubuta 0W-20 ɓaro-ɓaro. Lambar farko mai W ita ke nuna yadda man ke gudu a cikin sanyi, in ta yi ƙasa man ya fi saurin tafiya, to mai lamba 10 a daren da ruwa ke daskarewa kauri yake yi, tafiyarsa kamar zuma a sanyin Janairu. Wanda ya sayar mini da motar a wani wurin juye na sauri aka yi masa da rani, lokacin babu wanda zai ji bambanci. Muka juye man, ya kwance filta ya yanka ta da abin yanka a gabana, ya zaro wata baƙar roba mai zagaye daga gindinta ya ba ni ya ce lanƙwasa. Ta yi tauri kamar tsohon silifas da ya sha rana. Aikinta shi ne ta tare mai kada ya koma ƙasa idan an kashe injin, ta taurare ba ta rufewa. Sabuwar filtar da ya sa robarta ja ce ta silikon, wadda ba ta taurarewa da sanyi.

Ƙara ta biyu kuwa ba ta ɗauke mu minti goma ba. Ya ɗaga motar bayan ta huce, ya bi salansa yana bubbuga shi da gefen hannu, yana zuwa tsakiya sai ga zirrr ɗin nan sak. Wani siririn faranti ne da ke kare ƙasan mota daga zafin salansa, ramin da noti ya riƙe shi ya cinye ya faɗaɗa saboda gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara, farantin yana lilo. Gudun da injin ke yi lokacin ɗumama katalis shi ne daidai wanda ke kaɗa shi, shi ya sa da gudun ya sauka yake yin shiru. Faffaɗan wosha ɗaya ya sa ya ɗaure, bai ma karɓi kuɗin wannan ba.

Na tambaye shi to wace ƙarar ce in ya ji hankalinsa zai tashi. Ya ce wadda motar gaba ɗaya ke jijjiga da ita, kamar ana dukan ƙarfe da guduma daga wajen giyabos. A irin tsarin nan akwai wani faifai mai sifirin tsakanin injin da giya, idan silinda ɗaya ta ƙi kama wuta da safe sai faifan ya riƙa bugawa da ƙarfi. Masu Prius na 2010 zuwa 2015 sun san wannan, sau da yawa hanyar mayar da hayaƙi ce ta toshe da baƙi, ko kuma gaskit ɗin kan silinda ya fara yoyon ruwa cikin silinda da daddare. Alamarta ruwan lagireto na raguwa ba ka ga inda ya zuba ba, farin hayaƙi mai ɗan zaƙin wari da ba ya ɗaukewa, da lambobi irin P0300 zuwa P0304 a na'urar OBD2, wato kwamfutar da ake jona wa mota don karanta lambar matsala. Ya duba ruwana yana kan layinsa, ya zaro filogi huɗun duk kalarsu ɗaya, ya ce alhamdulillahi ba ita ba ce.

Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan dogon labarin shi ne yayana. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 mutanenmu da dama suka koma neman haibirid, shi ma yanzu Camry haibirid gare shi, kuma da na tambaye shi wane mai ake zuba masa sai ya ce 20W-50, wai bakanikensa ya ce mai kauri ya fi dacewa da zafin Kano. Na ce Yaya don Allah ka fita yanzu ka karanta abin da ke kan murfin man. Sanyin hunturu a Kano ko Jos bai kai na nan ba, gaskiya ne, amma injin haibirid yana mutuwa yana tashi sau barkatai a tafiya ɗaya, kowace danja kowane cunkoso, kuma hanyoyin man da ke cikinsa sirara ne, an yi su ne don mai mara kauri. Ya turo mini hoton murfin, 0W-20 ne shi ma.

Ban daina rubutu a littafin ba, Baba ya ce in ci gaba har ƙarshen sanyi, in kar-kar-kar ɗin ta dawo ta wuce daƙiƙa 2 da sabon mai to giyar ce, in kawo ta ta kwana. A tsakiyar Janairu aka yi wani dare da awo ya kai 16 ƙasa da sifili, motar ta kwana biyu ba a taɓa ta ba, na fito na buɗe bonet hannuna na ƙanƙarewa cikin safa, na jingina waya, maman yara ta danna. READY ta kawo, injin ya tashi da muryarsa mai kauri ta ɗumama katalis, na tsaya ina ƙirga daƙiƙa har goma ban ji komai ba bayan wannan. Na tura wa Baba bidiyon, ya amsa da saƙon murya ya ce "madalla ɗana, rufe bonet ka tafi aiki."