Ranar da Amana ta karɓi titunanmu

Kawuna ɗan ƙasar Saudiyya ne, tun kakansa suke Makka. Ya gaji wani fili a bayan Jidda, da sakkinsa, wato takardar mallaka, a hannu, ya ce zai yanka shi fuloti-fuloti ya sayar. Ni da na ɗan iya kwamfuta, ni aka ɗora wa zirga-zirgar takardu.

Zanen da ofishin injiniyoyi ya kawo shi ya fara tayar masa da hankali. A ƙa'idar Saudiyya, hukuma na iya cire har kashi 33 cikin 100 na filin da za a yanka, saboda tituna da wuraren amfanin jama'a, ba diyyar ko riyal ɗaya. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Ɗan nan, sulusin gadona ke nan fa." Na ce, "Kawu, fulotin da ba hanya, wa zai saya?"

Muka shigar da zanen ta Balady, manhajar gwamnati ta harkokin hukumomin birane. Da amincewar farko ta fito daga Amana, wato hukumar birni, na ɗauka mun gama. Ashe yanzu aka fara. Kwalta, dakalin gefen titi, fitilu, duk daga aljihun mai fili, kuma Amana ba ta karɓar titi sai injiniyoyinta sun zo sun gani.

A nan na kwafsa. Akwai titin da aka zana faɗinsa mita 15. Ɗan kwangila ya ce ya kammala, na sa aka biya shi kaf ban auna ba. Ranar duba, injiniya ya ja awo, dakalin ya ci kusan rabin mita. Ko musu bai tsaya yi ba, ya rubuta ya tafi. Fasawa da sakewa suka ci mana wata huɗu, kuma wanda ya riga ya karɓi kuɗinsa ba ya gaggawar ɗaga waya. Tun daga nan tef ɗin awo ba ya barin motata.

Da aka sa hannu a takardar miƙawa, titunan suka fita daga hannunmu: shara da gyaran fitila na Amana ne, Kawu kuma ba shi da ikon tare ko taku ɗaya. Bayan nan kowane fuloti ya sami sakkinsa.

Saura suna. Kawu ya so babban titin ya ci sunan mahaifinsa, amma raɗin suna aikin wani kwamiti ne a Amana. Da aka kafa allon, sai ga sunan wani sahabi. Ya karanta sau biyu, ya gyara hula, ya ce, "To, ai ko Baba ba zai ja da wannan ba."