Kirsimeti a Kumasi da yara uku: takardu, hanya da zaman gidan abokai

Mu biyar muka tafi: ni, maiɗakina da yara uku, babban shekararsa 11, autar 2. Masu masaukinmu tsofaffin maƙwabtanmu ne a Sabon Garin Kano, Kiristoci 'yan Gana da suka koma Kumasi bayan maigidan ya ajiye aiki. Kwana 9 muka yi har da hanya, kuma yawancin abin da ya ba mu wahala tun a gida ya kamata mu kashe shi.

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza zuwa Benin, Togo ko Gana, yarjejeniyar ECOWAS ta ba shi zaman kwana 90. Wannan ne yake sa mutum ya sake jiki. Kowane yaro sai da fasfonsa, har na goye, kuma a duba ranar ƙarewarsa tun watan Oktoba. Sai katin allurar shawara, wanda ake cewa yalo kad. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai ta kwana 10, don haka wanda ya yi ta ana jibi zai tashi, katinsa bai nuna ba tukuna. Sau ɗaya ake yin ta a rayuwa, kuma ba a yi wa jaririn da bai kai wata 9 ba. Namu na yaron tsakiya ne ya ɓata. Da ba mu lura ba sai a makon tafiya, da tafiyar ta rushe. Mun kuma riƙe takardun haihuwar yara, kuma in uwa ce kaɗai za ta tafi da su, ta riƙe takardar amincewar uba.

Daga Kano muka hau jirgi zuwa Legas, muka kwana, da asuba muka shiga babbar bas mai zuwa Akara. A taswira tafiyar ba ta kai kilomita 500 ba, amma iyaka uku ce a gabanka: Seme tsakanin Najeriya da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflawo, wadda take manne da birnin Lome. A kowacce akwai hatimin fita da na shiga, hatimi shida ke nan a kowane fasfo, talatin a namu. Awa 13 muka yi, kusan rabinsu a tsaye. Kamfanin bas yakan tattara fasfo ya kai a buga. In an dawo maka da su, ka buɗe ɗaya bayan ɗaya kafin mota ta tashi. Ni ban yi hakan ba a iyaka ta biyu, sai a ta uku aka ga fasfon autar ba shi da hatimin shiga, muka tsayar da mota kusan awa guda, fasinjoji suna harararmu. Laifina ne.

Da an shiga Togo a mayar da agogo baya da awa ɗaya. Togo da Gana lokacinsu ɗaya. Na faɗa wa abokina za mu iso ƙarfe 7 da agogon Kano, ya zo tasha ƙarfe 7 na Akara, sai jinkirin iyaka ya haɗa mu. A riƙe ƴan canjin sefa don ruwa da banɗaki a Benin da Togo, irin sefar Nijar ce. Ga yarinya mai shekara 2 wannan hanyar ta yi tsawo. Jirgi daga Legas zuwa Akara wajen awa ɗaya ne, kuma shi muka hau a dawowa.

Akara zuwa Kumasi kilomita 250 ne ko kusa da haka, amma ranar 23 ga Disamba awa 7 ta ci mana, don duk birnin yana komawa gida. Tun daga 2019, shekarar da Gana ta gayyaci jikokin bayin da aka kwashe su dawo ziyara, Disamba ta zama lokacin cikar Akara, kuɗin otal da na jirgi suna tashi. Wanda zai je ya isa kafin 20 ga wata, ya kuma sayi tikitin dawowa tun a gida.

Batun kuɗi akwai tarko ɗaya. A 2007 Gana ta cire sifili huɗu daga sidi, amma har yanzu wasu 'yan kasuwa da tsohon lissafi suke magana. A kasuwar Kejetiya mai atamfa ta ce wa maiɗakina miliyan biyu, ta kusa ajiye kayan. Sidi 200 ake nufi. Bankuna a rufe suke 25 da 26 ga wata, don haka a canza kuɗi kafin nan. 'Yan canji Hausawa suna nan a zango, Aboabo da Asawase, inda kuma muke zuwa sallar Juma'a. Hausarsu ba ta bambanta mace da namiji, yarana sun yi ta dariya da aka ce mamansu "ya zo".

Abinci kuwa gara a yi maganarsa a waya tun kafin a taso, ba a kan tabarma ba. Na faɗa wa abokina abu biyu: yanka da naman alade. Matarsa, wadda yarana suke kira Anti tun a Kano, ta sayo kaji huɗu masu rai da akuya ɗaya, ta miƙo mini wuƙa ranar jajibere ta ce, "Baban yara, aikinka ne wannan." Shi ke nan kowa ya ci daga tukunya ɗaya. Inda ake samun matsala gidajen dangi ne da ake kai baƙi gaisuwa: miya takan zo da nama iri biyu ko uku, har da na daji, sai an tambaya. Yara ba su iya fufu ba, suna taunawa maimakon haɗiya, amma wake da shinkafa, koko da ƙosai da tuwon zafi suna ko'ina, kuma da sunayensu na Hausa ake sayar da su.

Safiyar Kirsimeti su suka tafi coci, mu muka zauna muna gadin tukwane. Mun koyi gaisuwarsu ta barka da Kirsimeti da sabuwar shekara, "Afehyia pa", kuma ta buɗe mana ƙofofi da yawa. Ranar 27 muka kai yara gidan tarihin fadar Manhiya, fadar sarkin Ashanti, washegari tafkin Bosomtwi, tafiyar kamar awa ɗaya.

Baƙi biyar a gida mai ɗaki uku nauyi ne, ko da masu gidan ba za su faɗa ba. Kuɗi a hannu ba za su karɓa ba, sai muka sayi buhun shinkafa mai kilo 25, jarkar mai da tukunyar gas a matsayin tsaraba, ban da dabino, turaren wuta da takalman fata da muka kawo daga Kano. Kayan sanyin da muka cika jaka da su ba a taɓa su ba, hunturun Kumasi bai kai rabin na Kano ba. Gidan sauro muka rasa, sai da muka sayi guda biyu a daren farko.