Akwatin bindigar Baba

Yau da safe Baba ya miƙo mini makulli ya ce in buɗe akwatin ƙarfen da yake ajiye bindigarsa ta farauta. Ina ɗaga murfin sai warin danshi ya buge ni. Ruwan Agustan Kaduna bai taɓa akwatin ba, amma laimar da ke cikin iska ta shiga ta yi aikinta: tsatsa ta feso a jikin ƙarfen bindigar, gindin tagulla na harsasai uku ya yi kore, har takardar lasisinsa ta yi laushi. Baba ya shafa wurin tsatsar da babban yatsa, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Da ƙafata lafiya, duk Juma'a nake goge ta da mai." Wallahi sai da na kau da kai.

Na goge ta, na ɗora akwatin a kan katako nesa da bango, na zuba ƙunshin silika masu shan laima a ciki. Harsasan kuma na ware su a wani akwati mai kwaɗo, inda yara ba sa kaiwa. Wata biyar ke nan Baba bai iya sunkuyawa ba, ni kuwa ban lura ba sai yau.