Tambaya Ɗaya da Ta Rushe Babi na Biyar

A shekarata ta ƙarshe a sashen nazarin kasuwanci, na rubuta kundina a kan yadda ƙananan 'yan kasuwa ke karɓar kuɗi ta taransifa da na'urar POS a Babbar Kasuwar Sakkwato. Na shiga kasuwar da takardun tambayoyi a watan Fabrairun 2023, kuma da yake da Turanci aka tsara su, ni nake karanta wa kowa da Hausa ina cike amsarsa, wani lokaci a tsaye tsakanin buhunan albasa da suka sauka daga Goronyo da Wurno.

Babi na huɗu bai ba ni wahala ba. Na jera amsoshin cikin jadawali, sai ga shi kusan kowa ya ce yana karɓar taransifa. Daɗi ya ɗebe ni, na rubuta a babi na biyar cewa 'yan kasuwar Sakkwato sun rungumi cinikin da ba na tsabar kuɗi ba, har na ba bankuna shawarar su ƙara yawan na'urori.

Ranar gwajin kare kundi, ina tsakar nuna jadawalin a majigi, malamin da ke duba aikina ya ɗaga hannu ya ce, "Dakata, ɗana. A wane wata ka tattara bayanan nan?" Na ce, "Fabrairu, Malam." Ya ce, "To, a Fabrairun nan kai da kanka ka riƙe naira dubu a hannunka?"

Nan take na gane inda na yi tuntuɓe. A ƙarshen 2022 ne Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin gwamnansa na wancan lokacin, Godwin Emefiele, ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa tsofaffin wa'adin 31 ga Janairu, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, alhali sababbin ba su wadata ba, mutane na wuni a layin banki. Sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a ci gaba da amfani da tsofaffin har ƙarshen shekara. Ke nan jadawalina bai yi ƙarya ba, ni ne na sa masa maganar da bai faɗa ba: ya nuna mutane suna karɓa, ni kuwa na rubuta cewa suna so.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, amsar tana cikin littafina tun farko. Wani dattijo mai sayar da atamfa ya ce mini, "Yaro, wanga abu dole ce ƙanwar na ƙi, in ba ka karɓa ba, ka kwana da kayanka." Na rubuta maganar a gefen takarda, amma da yake ba ta da gurbi a jadawali, na tsallake ta. A ganina wannan ita ce cutar yawancinmu ɗalibai, muna girmama lamba fiye da bakin wanda ya ba mu ita.

Malam bai sa na sake aikin daga tushe ba. Ya ce in raba abin da na gani da abin da nake zato, in bayyana watan da na yi aikin tun a shafin farko na sakamakon, in kuma faɗa ƙarara cewa kasuwa ɗaya na shiga, ban ji ta bakin matan da ke sana'a a cikin gida ba. Shawarar da na ba bankuna ita ma na canja ta, ta koma kan jinkirin shigowar alat, wanda shi ne koken da aka fi maimaita mini.

Bayan ƙaramar Salla na koma shagon dattijon nan domin ƙarin tambayoyi. Na tarar da shi yana ƙirga tsofaffin 'yan dubu-dubu, na'urar POS ɗin kuwa tana cikin leda a saman kantar shagon, ba ta ko da caji.