Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Daren Andiromeda a Gonar Baffa

Na yi alkawari makon jiya cewa yau zan shiga maganar aurena. Ku yi mini afuwa. Tun ranar Laraba maganar Baffa ke yi mini yawo a ka, kuma na san in ban sauke ta ba, sauran labarin ba zai fito daidai ba.

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Kowa ya san karin maganar nan, amma a gidanmu sai ka rantse Baffa ne ya ƙirƙiro ta. Da ita yake rufe kowane zance. Da ita ya tare ni ranar da na fara shigowa gida da madubin hangen nesa a kafaɗa, shekara guda bayan husufin ranar 29 ga Maris 2006, wanda ya same ni a Gusau, na ga gari ya yi duhu da hantsi. Wannan ban riƙe shi ba, babba ne. Abin da na riƙe shi ne na ranar sunan ɗan Yaya. Zaure cike, ga surukai, ga abokan marigayi Baba, na durƙusa ina gaishe shi, sai ya nuna ni da carbi ya ce, "Ga shi nan, an kai shi boko ya dawo mana da duba." Aka yi dariya. Na tashi jikina a sanyaye, ko tuwon sunan ban ci ba.

Duba! Ni da ban taɓa gaya wa wani abin da zai same shi gobe ba. Kuma wa ya koya mini sama in ba shi ba? A kan tabarmarsa, ina ɗan shekara 7, ya nuna mini Kaza da 'ya'yanta, ya nuna mini Zara kusa da jinjirin wata, ya tashe ni da asuba in ga Gamzaki. Shi ne mai lissafa wa unguwa taurarin damina, Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, kowanne da kwana 13 nasa, manoma na zuwa suna tambayarsa wanne ake ciki. Nasa lissafi ne, nawa kuwa duba. Har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare mini a ƙirji.

Madubin farkon nan ma cutata aka yi. Mai shagon ya rantse mini zan ga har zoben da ya kewaye duniyar Zuhal, ashe idon na roba ne, ƙafafun kuma ko iska ta busa sai su yi rawa. Albashin wata guda ya tafi a banza. Shekarun da suka biyo baya ba ni da abin faɗa a kansu, aiki ne da haya da rashin lafiyar Inna.

Abin da na fahimta a hankali shi ne, ɗaukar hoton galaksi, wato manyan tarukan taurarin nan masu nisa, ba girman madubi ba ne kan gaba. Mazauninsa ne. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, haskensu kuma ɗan mitsitsi ne, dole ka bar idon kyamara a buɗe minti ɗaya ko biyu tana tara shi kamar mai tarar ruwa a bakin indararo. In madubin yana tsaye cak, kowane tauraro sai ya zama zane. Sai da mazauni mai inji wanda ke juyawa a hankali yana bin sama. Shekara 3 ina zubin adashi a wurin aiki kafin na mallaki na hannu, da ƙaramin madubi mai faɗin milimita 80, da tsohuwar kyamarar Canon.

A Kano ba a yi, fitilu da hayaƙin janareta sun cinye sama. Lokaci kuma ƙanƙane ne: damina gajimare, hunturu hazo. Sai 'yan makonnin kaka, bayan ruwa ya ɗauke, kafin ƙura ta sauko, kuma a daren da babu wata. Shi ya sa a ƙarshen Muharram, wanda ya zo daidai da ƙarshen Oktoban 2016, na ɗaure kaya a babur na nufi ƙauyenmu. Gonar da ta fi duhu, nesa da hanya, ta Baffa ce. Ban nemi izininsa ba, Yaya na gaya wa.

Dawa na tsaye ba a yanke ba, sai na kafa a fegin da aka cire gyaɗa. Kafin komai dole ka saita mazaunin da tauraron arewa, shi kuwa a wajenmu ƙasa-ƙasa yake, bai wuce digiri 13 daga doron ƙasa ba. Kukar bakin gona ta tsaya daidai a gabansa. Sau biyu ina kwashe kayan, har da batirin mota, ina matsawa. Na ɗaure bakin tocila da jar leda don kada farin haske ya kashe mini ido. Wajen ƙarfe 10 da rabi Andiromeda, galaksin da na zo ɗauka, ta hau can sama ta wajen arewa, Kaza kuma ta riga ta ɗago daga gabas. Na fara ɗauka, minti 2, minti 2. A hoto na 20 na ga taurari sun fara kumbura. Raɓa ce ta kwanta a gilashin. Na cire safata, na ɗumama ta a jikin injin babur, na naɗe bakin madubin da ita, na zauna ina jira ƙafata a cikin sanyin ƙasa. Hoto 60 na samu masu kyau, awa 2 ke nan na haske. Sannan na rufe bakin madubin na ɗauki wasu a duhu, waɗanda ake cire dattin kyamara da su.

Kowane ɗaya in ka kalle shi ba komai ba ne, wani ɗan fari-fari a tsakiyar baƙi. Sai da na koma Kano na zuba su a manhajar DeepSkyStacker ta ɗora su kan juna. Ina jan hasken a hankali, sai ga ta tana fitowa, kwance a karkace kamar faifai, tsakiyarta rawaya-rawaya, ga layukan ƙura baƙaƙe sun zagaye ta, ga ƙananan galaksi biyu a gefenta, M32 da M110. Hasken da ya yi tafiyar shekara miliyan 2 da rabi, ya zo ya faɗa gonar gyaɗar Baffa. Na yi sujada a kan simintin ɗakina.

Ga masu cewa wannan harkar Turawa ce: wanda ya fara rubuta labarinta Musulmi ne, Abdurrahman as-Sufi, a littafinsa na taurari a shekarar 964, ya kira ta ƙaramin gajimare. Wanda ya ɗauki hoton da ya bayyana naɗinta a 1888, Isaac Roberts, ɗan kwangilar gini ne a Ingila, sha'awa ce kawai irin tawa. Sai a 1923 Edwin Hubble, da madubi mai inci 100 a Dutsen Wilson na Amurka, ya gano tauraron da ya auna nisanta da shi, aka tabbatar ba a cikin galaksinmu take ba. Duk wannan na haddace shi ne don in faɗa wa Baffa. Shekara da shekaru ina shirya jawabin a raina.

Na wanke hoton babba, na kai masa da ƙaramar sallah. Na tarar yanar ido ta rufe masa ido biyun, sai dai ya gane mutum da murya. Ya karɓa, ya shafa takardar da tafin hannu, ya kai ta dab da fuska, ya sauke.

"A ina take?"

"Ta arewa, Baffa, lokacin kaka. Allah ya ƙara maka lafiya, in Kaza ta ɗago, ita tana can sama."

Ya yi shiru. Sannan ya ce, "Wani ɗan hazo-hazo, kamar an shafa toka da yatsa? Muna ganinsa in muna kwanan gona gadin dawa. Ban san yana da suna ba."

Jawabin nan ko kalma ɗaya ban faɗa ba. Na jira karin maganar tasa, don ranar ce ta fi dacewa da ita, bai yi ta ba. Amma kuma bai janye kalmar duba ba, ba a ranar ba, ba kuma har ya koma ga Allah a 2019. A zaure ya faɗe ta gaban mutane, a zaure nake so ya goge ta. Gwaggo ta ce in bar wa Allah, na kuma bari, ina yi masa addu'a kowace sallah. Rubutawa dai sai na rubuta.

Hoton yana ɗakin Inna, a saman jeren kwanukanta, gefe guda ya fara cin hayaƙi. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, maganar auren.