Wufa da ɗakin da za ta zauna

A Gusau, duk wanda ya shigo shago neman hom tiyata, tambayarsa ta farko ita ce wat nawa. Sai ya nuna kwalin da aka rubuta wa 5000W da manyan baƙaƙe, ya ce wannan yake so. Tun ina yaron shago maigidana ya hana ni kallon wannan lambar. Ita ce ake kira PMPO, kuma ba ta da wani ma'auni da kamfanoni suka yarda da shi, kowa abin da ya ga dama yake bugawa. Wadda ake dubawa ita ce RMS, ƙarfin da akwatin zai iya riƙewa yana ta aiki ba tare da ya ƙone ba. In ba a rubuta ta ba, juya bayan akwatin ka ga wutar da yake ci. Abin da ke jan wat 60 daga soket ba zai wuni yana ba ka wat dubu biyar ba.

Aikin wufa, wato akwatin hom tiyata da ke fitar da sauti mai kauri da ake kira bes, kaɗan ne, amma mai nauyi. Kunnen ɗan Adam yana ji daga kusan 20 Hz zuwa 20,000 Hz (Hz ma'aunin sauti ne: ƙaramar lamba sauti mai kauri, babba siriri), ita kuwa ƙasan nan kawai aka bar mata: rugugin aradu, dirin mota, dukan babbar ganga. Ɗayan nan da ke cikin 5.1 da ake rubuta wa hom tiyata (lasifikoki biyar da wufa ɗaya) nata ne, kuma bai wuce 120 Hz ba. Ga falo madaidaici, wufa mai lasifikar faɗin inci 10 ta isa. Mai inci 12 sai babban falo ko gidan kallon ƙwallo. Akwatin da ke da rami yana ba da ƙara da ƙaramin ƙarfi, rufaffe kuma bugunsa ya fi tsabta, ba ya jan wutsiya. Ni na fi son rufaffe a ɗakin kwana, ko da yake masu saye sun fi son wanda za su sa hannu su ji iska na fita.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane shi ne rabin sautin wufa daga ɗaki yake fitowa. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka igiyar 40 Hz guda ɗaya ta haura mita 8 a tsawo, ta fi yawancin falukanmu. Tana bugun bango ta dawo ta haɗu da mai zuwa. Wani wuri su taru su yi yawa, wani wuri su kashe juna. A falo mai tsawon mita 4, wannan rigimar tana faruwa ne wajen 43 Hz: jikin bango kamar ƙirjinka zai fashe, tsakiyar ɗaki kuwa shiru. Kujerar maigida kuma sau da yawa a tsakiyar take. Shi ya sa za a kira ka a ce, "Malam, wufar nan taka ba ta da duma," alhali yaran da ke zaune a ƙasa jikin bango har toshe kunne suke yi.

Maganin ba ya cin ko kwabo, sai dai yana ba mutane dariya. Ka ɗora wufar a kan kujerar da za a riƙa zama, ka sa kiɗa mai bes, ka bi gefen bango da rarrafe kana saurare. Inda ka ji bugun ya fito cikakke, ba kumburi, ba rami, nan ne mazauninta. Wani dattijo a Tudun Wada ya taɓa tsayawa a kaina ya ce, "Ɗana, kuɗi ka yar ne?" Na ce, "A'a Baba, wuri nake nema mata." Kusurwa tana ƙara ƙarfi, gaskiya ne, amma takan mai da kowane bugu gunji iri ɗaya.

Sai maɓallan baya. Na farko shi ke yanke iyakar da wufa za ta tsaya ta bar wa sauran lasifikoki. 80 Hz ne ma'aunin da kamfanin THX, mai kafa ƙa'idojin sautin sinima, ya yaɗa, kuma yana aiki in lasifikokin gaba suna da ɗan jiki. Ƙananan nan masu kamar gwangwanin madara ba sa iya sauka can, sai an ɗaga zuwa 120 ko sama. Ina gwadawa da labaran rediyo: in muryar namiji ta fara fitowa daga akwatin ƙasa, an ɗaga da yawa. Na biyu, mai 0 da 180, wanda ke daidaita bugun wufa da na sauran lasifikoki, sa wani ya riƙa juya shi kana zaune, ka bar shi inda bes ya fi cika. Maɓallin ƙarar sauti kuwa, in baƙo ya shigo ya nuna inda wufa take da kunne kawai, a rage.

Gininmu ma yana da nasa. Tayil da filasta ba sa shan sauti, gilashin taga da kwanukan da ke jere cikin kabad kuma suna amsawa, silin da rufin kwano su kama rawa. Sau da yawa ƙarar da ake ɗora wa wufa laifinta, murfin kula ne ke kaɗawa. Kafet da labule suna rage amsa-kuwwar murya, amma ba su iya komai da igiya mai mita 8. Wannan sai dai sauya wuri, ko a ƙara wufa ta biyu a wani ɓangaren in aljihu ya yarda.

Wutarmu 230V ce a 50 Hz, shi ya sa gurnanin da ke fitowa ko ba a kunna komai ba yake da murya ɗaya kullum. Yawanci daga dikoda yake biyo waya, ko don an jona talabijin da wufa a soket daban-daban. Haɗa su a wuri guda, a bayan sitabilaiza. Kada kuma a cusa akwatin cikin kabad, domin a zafin Afrilu, lokacin da gari ke haura digiri 40, amfilifayar da ke bayansa tana buƙatar iska.

Kafin in karɓi kuɗin aiki, nakan fita tsakar gida in sa yaro ya ƙara sauti, in zaga bayan katanga. Bes yana ratsa bulo fiye da kowane sauti, kuma a unguwar da gidaje ke manne da juna, maƙwabci ba fim ɗin yake ji ba, dukan kawai yake ji. Inda ya fara tsallaka katanga nake sa ɗigon fenti a jikin maɓallin ƙarar sautin, in nuna wa maigida da uwargida, in ce bayan sallar isha'i kada a wuce nan.